Inda Kwalbar Ta Kwana

Litinin, 4 ga wata, da hantsi

Yau ma babu sakamako. Na bar ɗalibaina a hannun malamin lissafi, na hau mota har asibiti, na tsaya a tagar ɗakin gwaji kamar mai jiran sadaka. Matar nan mai taunar cingam ta ɗago ido ta ce, "A dawo jibi." Ko sunan Umma ba ta bari na ƙarasa faɗa ba.

Mako na uku ke nan da aka yanki ɗan nama daga ƙululun da ya fito wa Umma a gefen wuya. Likita Dogo, wanda ya yi aikin, ya ce ba zai fara mata kowane magani ba sai an duba naman an san ko mene ne. Ya ambaci sunan ciwon da yake tsoro. Ni ba zan rubuta shi a nan ba.

Ƙululun dai bai san jibi ba, kullum ƙaruwa yake.

Laraba, 6 ga wata, bayan azahar

Jibi ta yi. Wai ana kan aiki. Na ce mata, "Baiwar Allah, naman mutum ne fa na kawo muku, ba ɗinki na kai wa tela ba." Ta ja tagar ta rufe.

Ina fitowa wata siririya mai gilashi da farar riga ta tare ni. "Sannu Anti. Ni likita ce, muna wani bincike ne a kan yadda kwalaben gwaji ke tafiya daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin gwaji. Ko za ki ɗan ba ni lokaci in yi miki tambayoyi?"

Na dube ta daga sama har ƙasa. Na ce, "Ku da kuka kasa binciko sakamakon tsohuwa ɗaya, har wani bincike gare ku?"

Ba ta ji haushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ta roƙi lambata, na ba ta don ta matsa mini daga hanya. Na sa mata suna Mai Tambaya. Mu muna cikin wuta, ita ta zo auna zafin.

Alhamis, 7 ga wata, da yamma

Na biya gida bayan an tashi makaranta. Umma na kishingiɗe a falo ta naɗe wuya da ɗankwali, wai don kada jikokinta su tsorata. Wancan aikin ya wahalar da ita matuƙa. Allurar barcin ta sa ta amai kwana biyu, ɗinkin ya yi ruwa, sai da aka sake buɗe shi aka wanke tana ihu. Har yau idan ta ji ƙarar almakashi sai ta runtse ido.

Baba yanzu da wuri yake rufe shago. Shekara arba'in yana sayar da kifin ƙanƙara, ko ranar da aka haife ni an ce sai da ya sallami masu saye kafin ya tafi, amma yau ga shi tun la'asar a kan ƙaramar kujera a bakin ƙofar falo yana ɓare mata lemo. Ta ce, "Mai kifi, matsa can, ƙarninka ya fi ciwon damuna." Ya matsa kamar taku ɗaya ya ci gaba da ɓarewa. Haka suke tun ina yarinya.

Yaya ya kira daga can inda yake aiki. "Malama, ki matsa musu mana! Kin cika sanyi." Na ce ga hanya nan, ya zo ya nuna mana zafin nasa. Mai waya a hannu ya fi kowa iya jinya.

Asabar, 9 ga wata, da safe

Umma ta daina iya kwanciya ta ɓangaren dama.

Litinin, 11 ga wata, bayan la'asar

Na sake komawa asibiti.

Yau ba a rufe mini taga ba, ciki aka shigar da ni wurin babban likitan ɗakin gwaji, wani mai furfura da ke magana kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma. Ya ce sun yi ta gwadawa, naman ba ya karantuwa. Wai da alama ya daskare ya sake narkewa, ƙanƙara ta farfasa shi, kuma ruwan da ke cikin kwalbar ba maganinsu ba ne. Dole a sake yanko wani.

Na ce, "A sake yanka wa? Uwar wa?"

Na yi masa wankin babban bargo. Na ce kun jefar da kwalba a wani lungu ta lalace, kun ɓoye mana mako uku, yanzu kuna kawo zancen ƙanƙara. Mu jahilai ne? Ya bar ni na gama, ya ce in yi haƙuri. Haƙuri dai, shi ne kaɗai maganin da ba ya yankewa a asibitin nan.

A gida ban tsaya kawo zancen daskarewa ba, tunda ban yarda da shi ba. Cewa na yi, "Sun lalata shi, Umma. Sakaci ne kawai, ba su ɗauki ran talaka a bakin komai ba." Na ƙara gishiri, na ƙara barkono.

Umma ta ce, "To wallahi wuƙarsu ba ta ƙara taɓa ni. Mutanen da ba su iya riƙon abin da bai kai ɗan yatsa ba, su zan sake miƙa wa wuyana?"

Baba ya ajiye lemon ya fita tsakar gida. Ina jin sa yana cewa mutanen banza, ba su san darajar nama ba.

Talata, 12 ga wata, da safe

Zagin da na yi jiya ya yi mini daɗi. Ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 14 ga wata, da yamma

Na ga Likita Dogo. Ya ce kada a wuce ƙarshen watan nan, abin yana matsowa kusa da maƙogwaro. Ya ce wannan karon ba sai an sa ta barci ba, wurin kawai zai kashe da allura. Na kai wa Umma saƙon, ta juya fuska bango.

Ina wanke-wanke Mai Tambaya ta kira. Ta ji labarin namu, wai tana jajantawa. Sai kuma ta shigo da sana'arta. "Anti, ranar aikin wa ya kai kwalbar ɗakin gwaji? A ina ta kwana?"

Na gaya mata abin da kowa ya sani. Ranar Juma'a aka yi aikin, an gama bayan ɗakin gwaji ya tashi. Nas ta fito ta miƙa wa Baba kwalbar, don a asibitin nan dangi ne ke kai kwalba da ƙafarsu, ta ce ya kawo Litinin. Ni ina ɗakin jinya ina tare wa Umma amai. Baba ya tafi da ita gida, Litinin tun kafin su buɗe yana bakin tagar.

Ta ce, "A gidan, a ina aka ajiye ta?"

Na ce, "A kan kaina. So kike ki ce mu muka lalata, ko? Ki rubuta a bincikenki cewa laifin tsoho ne, a tafa miki." Na kashe wayar.

'Yar rainin hankali.

Asabar, 16 ga wata, bayan azahar

Na kai wa Baba abinci shago.

Yana ɓamɓare kifi daga kwali yana ta faɗa a kan asibiti, ni ina taya shi. Sai ya ce, "Abin da ya fi ƙona mini rai, Malama, irin kulawar da na yi wa kwalbar nan. Ina zuwa gida na buɗe, ruwan da suka zuba wari yake kamar guba, har ido yake yaji. Na ce wannan ai sai ya cinye naman kafin Litinin. Na tsiyaye shi tas, na zuba ruwa mai tsabta, na sa a firiza can sama, na keɓe mata wuri ita kaɗai. Da aka ɗauke wuta janareta na tayar, kwana biyu bai huta ba. Litinin a cikin kula na kai musu, da ƙanƙara, sai a bakin taga na ciro ta. Ni na yi nawa. Su ne suka bar ta a zafi."

Yana faɗa yana kallona, yana jira in ce sannu da ƙoƙari.

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Abincin ma ban tsaya karɓar kwanon ba.

Lahadi, 17 ga wata, da hantsi

Na wanke labulaye. Na goge takalman yara har da waɗanda suka yi musu kaɗan. Na gyara takardun jarrabawar da ba a buƙata sai wani mako. Baban yara ya tambaye ni ko lafiya, na ce ya bar ni.

Ban je gida ba.

Lahadi, da yamma

Garin neman gira.

Litinin, 18 ga wata, bayan la'asar

Na nemo nas ɗin da ta ba Baba kwalbar. Na same ta tana cin gyaɗa a bakin ɗakin tiyata. Na ce, "Kin ɗauki naman mutum kin danƙa wa tsoho, me kika ce masa?"

Ta yi ɗan tunani. "Ai abin da muke ce wa kowa. Ya kula da shi kada ya lalace."

Kada ya lalace! Ka ce wa mai kifin ƙanƙara kada nama ya lalace, ina kake zaton zai kai shi? Kalma uku ta gagare ta: kada a buɗe. Ko a jikin kwalbar babu wanda ya rubuta. Na faɗa mata maganganun da ba zan so ɗalibaina su ji ba. Ta ce ita ba ta da lokacin yi wa kowane ɗan rakiya lacca, ta shige ta turo ƙofa.

Mai Tambaya na tsaye a baranda, ta ji komai. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, ko da yake na ga alamar a gilashinta. Ta ce ba mu ne farko ba. Wani ya manta tasa a but ɗin mota har mako ya zagayo. Wata ta raba naman biyu ta kai rabi wani wuri don a tabbatar. Masu firiza kuwa sun fi yawa, kuma duk masu tsananin kula ne. Wai abin da bincikenta ke son nunawa ke nan, don asibiti ya ɗauki masinja a daina ba dangi.

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce sai an gama tattarawa, an rubuta, an kai wa manya.

Na ce to kafin manya su farka, ta yi mini abu ɗaya. Ta zo gida da farar rigarta ta ce wa Umma an kori wanda ya yi sakacin, an kawo sababbin ma'aikata. Umma na ganin girman farar riga.

Ta girgiza kai. "Ba zan yi wa mara lafiya ƙarya ba, Anti. Kuma gaskiyar ba daga bakina ya kamata ta fito ba."

Na ce, "Amma kin iya kwashe labarinmu ki je ki karɓo digiri." Ta sunkuyar da kai. Ko a jikina.

Laraba, 20 ga wata, da yamma

Yanzu sai abu mai ruwa-ruwa Umma take iya haɗiya, shi ma tana yi tana hutawa.

Na zauna a gefen gadon na lallaɓa, na roƙa, har kuka na yi. Na ce kuskure ne, kowa na yi. Ta ce, "Ba ke kika ce ba su ɗauki ran talaka a bakin komai ba? Da bakinki kika faɗa, Malama." Maganata ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, ba ta zubar da ko guda ba.

Na tambayi ɗaya asibitin na ƙetaren gari. Layinsu sai bayan wata biyu, kuma kwalabensu ma wannan ɗakin gwajin suke aikowa.

Ke nan hanya ɗaya ta rage. Umma ba za ta koma ba muddin tana ganin su suka lalata. In ta san ba su ba ne, ta san ko waye.

Na kira Yaya na faɗa masa komai. Ya yi salati ya fi a ƙirga, sannan ya ce, "Kada ki kuskura Baba ya ji, kin san hawan jininsa. Kuma lallai Umma ta koma asibiti satin nan. Ki san yadda za ki yi." Na ce Allah ya saka da alheri, shawarar ta yi amfani ƙwarai.

Alhamis, 21 ga wata, da safe

Na tsani asibitin nan. Na tsani mai cingam, da mai gyaɗa, da mai furfura, da mai gilashi. Na tsani firizar nan da muka yi karo-karo muka saya musu.

Juma'a, 22 ga wata, bayan la'asar

Na faɗa wa Baba.

A shago, bayan mai saye ta ƙarshe ta fita. Ban yi kwana-kwana ba, don na san in na fara zagaye ba zan iso ba. Na ce ruwan nan mai wari shi ne maganin da ke tsare naman, kuma irin wannan naman ba ya son ƙanƙara.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Sanyin ne?"

Na ce, "Sanyin ne, Baba. Amma laifinsu ne, su ya kamata su..."

Ya ɗaga mini hannu. Ya sake cewa, "Sanyin." Ya juya ya dubi manyan firizojinsa da ke ta gurnani a bayansa. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai yau.

Na ce ni zan san yadda zan gaya wa Umma, ba sai sunansa ya fito sosai ba. Ya ce, "Ke kika zubar da ruwan?" Ya ɗauki makullai. A hanya sau biyu yana wuce kwanar gida.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

Jiya ina tsakar gida na yi kamar ina kwashe shanya. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ban ji duka ba. Tata na ji.

"A firiza?"

Ya amsa ƙasa-ƙasa.

"Tare da kifin?"

Ya ce, "A'a, can sama. Na keɓe miki wuri."

Na ɗauka za ta yi dariya, ko ta yi kuka. Da ta yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Cewa ta yi, "Wata guda ina kwana a zaune. Fita." Ya fito ya wuce ni kamar bai gan ni ba.

Lahadi, 24 ga wata, da yamma

Ba ta yi masa magana ba. Ya ɓare lemo, ta ba jikanta. Shago a rufe.

Litinin, 25 ga wata, bayan azahar

Ina shafa mata man zafi a kafaɗa ta ce, "Kira Dogon naki."

Na tsaya da hannu a sama. Ta ce, "Ko kin kurmance? Kuma ke, da bakinki kamar reza, kin sa na yi ta tsine wa bayin Allah."

Na ce rabin tsinuwar dai sun ci ta halal. Ta ce to Allah ya raba musu daidai.

Likita Dogo ya ba mu Alhamis da sassafe, ya ce da gangan, don ɗakin gwaji na buɗe. Ashe sun san ana iya yin haka.

Na gaya wa Baba a bakin ƙofa. Ya ce alhamdu lillahi, sannan ya tambaye ni ko tana so ya zo. Na ce ba ta ce ba. Ya ce to zai zo ya tsaya daga nesa.

Laraba, 27 ga wata, da yamma

Mai Tambaya ta turo saƙo tana yi wa Umma fatan alheri. Ban amsa ba. Na karanta dai.

Alhamis, 28 ga wata, bayan azahar

An yi. Ba ta yi amai ba, ba ta yi ihu ba.

Muna zaune a benci, ni a wannan ƙarshen, Baba a wancan. Na ɗauka bayan duk abin da ya faru za a ce yau ma'aikaci ne zai kai. Ina! Ƙofa ta buɗe, sai ga mai gyaɗa da kwalba a hannu tana ƙwala kira, "Dangin tsohuwa mai wuya!" Babu abin da ya canza a asibitin nan, in ban da wani ya manna farar filasta a murfin ya rubuta kada a buɗe. Rubutun siriri ne, na san ko na wace ce.

Na miƙe na miƙa hannu. Baba ma ya miƙe, amma hannayensa duka biyu ya mayar baya ya harɗe.

Nas ta janye kwalbar daga gabana. "Ba ke ba. Tun kafin a fara tsohuwar ta ja mini kunne, ta ce kada a ba kowa sai mai kifi."

Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Ni na yi zirga-zirgar, ni na sha rufe taga, ni na yi faɗan. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga hannun Baba yana fitowa daga baya a hankali. Na rufe bakina.

Da hannu biyu ya karɓa. Tsakanin tiyata da ɗakin gwaji ba nisa, baranda ce ɗaya da ɗan fili, amma ya yi tafiyar kamar mai ɗauke da kwano cike da mai. Na bi shi a baya. Wani mai tura keken marasa lafiya ya yi masa tsawa ya kauce, bai ko juya ba. A taga ya ce wa mai cingam, "'Yata, duba da kyau. Ban taɓa komai ba." Bai saki ba sai da ta ja.

Ban yafe wa asibitin nan ba, kuma ba na jin zan yafe. Sakamakon ma ban san me zai ce ba, ina tsoronsa fiye da yadda na ji tsoron rashinsa.

Da na koma, Umma na kwance da bandeji har haɓa, magana da ƙyar. Ta ce, "Ya kai?"

Na ce ya kai.

Ta lumshe ido. "To ce masa ya shigo. Ya tsaya mini a bakin ƙofa kamar baƙo."